Ɗalibin Bincike: Yadda Za Ka San Ma'aunin Da Ake Auna Ka Da Shi

Shekarar da aka fara sa ni a kwamitin duba ci gaban ɗaliban digiri na biyu da na digirgir, wata ɗaliba ta shigo ofishina da takarda a naɗe a hannu. Ta ƙi zama. Ta miƙo mini takardar ta ce, "Malam, wallahi ban taɓa faɗuwa jarrabawa a nan ba." Gaskiya ta faɗa. Abin da ya faru shi ne, a zangonta na biyu mahaifinta ya kwanta jinya, ta roƙi malamin wani kwas ya ɗaga mata ƙafa kan aikin ƙarshen zango. Ya yarda, ya sa mata alamar "bai kammala ba". Ta dawo, aikin ɗakin gwaji ya sha mata kai, shi ma malamin ya manta. A dokar makarantar kuwa, wannan alama tana da wa'adin shekara ɗaya, in ya cika ba a kawo aikin ba sai ta koma F da kanta, ba tare da kowa ya taɓa alƙalami ba. F ɗin nan guda ya ja matsakaicin makinta ƙasa da iyaka, aka aiko mata da takardar gargaɗi, aka kuma dakatar da tallafin karatunta.

Dokar tana nan a rubuce, sakin layi ɗaya ne a littafin da aka raba musu makon farko. Har yau abin yana ci mini rai, domin ɗalibar nan tana cikin masu ƙoƙarin da na gani. Saboda irinta nake wannan rubutu.

Abu na farko da za ka yi, tun kafin ka buɗe littafin karatu, shi ne ka tattaro takardu uku: dokokin makarantar gaba da digirin farko ta jami'arka, littafin dokokin sashenku, da takardar da mai ɗaukar nauyin karatunka ya ba ka, in kana da shi. Ba lallai su ukun su faɗi abu ɗaya ba. Jami'a tana ajiye mafi ƙanƙantar sharaɗi, sashe yana iya ɗaga shi, mai tallafi kuma yana iya ɗaga shi fiye da na sashe. Inda suka saɓa, ka ɗauka mafi tsauri shi ne naka har sai an nuna maka akasin haka a rubuce. Ka kuma tambayi sakataren sashe bugun wace shekara ne ya hau kanka, don a wurare da yawa dokar shekarar da ka shiga ita ke bin ka har ka gama, ko da an sake ta daga baya. Ka sauke kwafinta ka adana, saboda shafin intanet na jami'a yana canzawa kuma tsohon bugu kan ɓace.

Kada ka karanta su kamar labari. Ka ɗauki biro kana neman amsar tambayoyi ƙayyadaddu. Maki nawa ne ci a kwas guda? Matsakaicin maki nawa ake so ka riƙe? Sau nawa aka yarda ka maimaita kwas ko jarrabawar cancanta, wato wadda ake yi wa ɗalibin digirgir a tsakiyar karatu? Shekara nawa aka ba ka ka gama, kuma daga wace rana ake fara ƙirga? Wa ke sa hannu cewa aikinka ya gamsar? Ka rubuta amsoshin a takarda ɗaya tare da lambar shafin da ka samo kowace. Wadda ka rasa, ka aika imel ka tambaya, kada ka wadatu da maganar bakin ƙofa ko "haka na ji ana yi" daga waɗanda suka riga ka shiga. Su ma sau da yawa dokar shekararsu suke ba ka.

Sai ka wanke kanka daga ma'aunin digirin farko. A can, C ci ne, mutum ya wuce abinsa. A karatun gaba da digiri abin ya matsa sama. A mafi yawan jami'o'in Amurka, inda ake auna maki a kan 4.0, ana so ɗalibi ya riƙe matsakaicin 3.0, wato B, kuma akwai sassan da ba sa ƙirga kwas ɗin da aka samu ƙasa da B a cikin sharuɗɗan digiri. A Birtaniya, mafi yawan jami'o'i suna sa makin ci na digiri na biyu a 50 cikin 100, alhali na digirin farko 40 ne, kuma 70 shi ne matakin zarra. Ɗalibin da ya saba ganin 85 a takardarsa sai ya ga 66 ya ɗauka ya lalace, alhali ya yi abin yabo. A Jamus lissafin a juye yake: 1.0 ne mafi kyau, 4.0 ne ci na ƙarshe, 5.0 faɗuwa. A Faransa a kan 20 ake bayarwa, 10 ne ci, kuma wanda ya samu 16 ya yi fice sosai. Don haka in za ka nemi gurbi ko tallafi a wata ƙasa, kada ka juya makinka da kanka zuwa ma'auninsu. Ka aika takardar sakamakonka tare da bayanin ma'aunin jami'arka, su yi juyin da hanyarsu.

Nauyin kwas ma ba ɗaya ba ne ko'ina. Ƙasashen Turai da suka bi tsarin Bologna, wanda aka sa wa hannu a 1999, suna ƙirga shekarar karatu guda a matsayin kiredit 60, kowane kiredit kuma aikin awa 25 zuwa 30 ne, har da karatun da ka yi kai kaɗai a ɗaki. Kiredit ɗin Amurka kuwa an gina shi ne a kan awannin zama a aji kowane mako. Kwas mai kiredit 3 a Amurka da mai kiredit 3 a Turai ba su yi kusa da juna ba.

Yanzu lissafi, kuma ina roƙonka ka yi shi da hannunka duk ƙarshen zango. Mu ɗauki ma'aunin 4.0. A ce ka yi kwas uku, kowane kiredit 3, ka samu B+ wato 3.3, da B wato 3.0, da C+ wato 2.3. Ka ninka kowane maki da kiredit ɗinsa: 9.9 da 9.0 da 6.9, jimilla 25.8. Raba da kiredit 9, ka samu 2.87. Ba ka faɗi kwas ko ɗaya ba, amma kana ƙasa da 3.0. Abin tambaya shi ne me kake buƙata a zango mai zuwa. In za ka sake ɗaukar kiredit 9, jimillar da ake so a kiredit 18 ita ce 54, wato 18 sau 3.0, saura 28.2 ke nan, wato matsakaicin 3.13. Wannan mai yiwuwa ne. Amma ga inda ɗaliban bincike ke zamewa: a jami'o'i da yawa kiredit ɗin bincike ba a ba shi A ko B, sai dai a rubuta "ya gamsar" ko "bai gamsar ba", kuma ba ya shiga lissafin matsakaici. In zango mai zuwa kwas ɗaya kacal gare ka mai kiredit 3, sauran duk bincike ne, to ana son 36 a kiredit 12, saura 10.2, raba da 3 ya ba ka 3.4. Ka ga B+ ba zai fitar da kai ba, sai A- ko sama. Yayin da kwasa-kwasanka suke ƙarewa, damar gyara matsakaicinka tana ƙuntata. Shi ya sa nake ce wa sababbin ɗalibai zangon farko ba na sabo da wuri ba ne kawai, shi ne mafi nauyi a takardar sakamakonsu.

Ka duba kuma yadda ake yi da kwas ɗin da aka maimaita. Wasu jami'o'in suna maye gurbin tsohon maki da sabo, wasu suna haɗa su biyun a lissafi, wasu kuma ko ka samu 80 a maimaici, makin ci kawai za a rubuta maka.

Duk wannan mai sauƙi ne, domin lamba ce. Wurin da ya fi wuya, kuma wanda ya fi cin ɗalibai, shi ne kalmar nan "ya gamsar". Da zarar ka gama kwasa-kwasai ka shiga bincike tsantsa, babu jarrabawar da za ta faɗa maka inda kake. Akwai malamin da ke duba aikinka, akwai kwamiti, akwai fom ɗin da ake cikewa sau ɗaya ko biyu a shekara. Tsakanin waɗannan kuwa shiru ne. Ɗalibi ya haɗu da malaminsa a baranda, malamin ya ce "ci gaba, aiki yana kyau", ɗalibi ya tafi da wannan a zuciyarsa wata shida. Ranar cike fom sai ya ga an rubuta cewa ci gabansa yana tafiyar hawainiya. Ba lallai malamin ya yi mugunta ba. A baranda gaisuwa ya yi, a fom kuma hukunci ya yanke, kuma bai taɓa zama ya faɗa wa ɗalibin abin da yake tsammani ba, mai yiwuwa shi kansa bai tsara abin a ransa ba.

Maganin wannan a hannunka yake. A makon farko na kowane zango ka nemi zama da malaminka na rabin awa, ka je da takarda ɗaya da ka rubuta abin da kake ganin za ka iya gamawa kafin zango ya ƙare. Kada ka rubuta "zan ci gaba da nazarin ayyukan magabata". Wannan ba ya aunuwa. Ka rubuta abin da za a iya riƙewa a hannu: daftarin babi na biyu, shafi kusan talatin, ranar kaza, izinin kwamitin ɗa'ar bincike, hira da mutum goma sha biyu, an kwafe takwas a rubuce, ko gwaji kaza an maimaita shi sau uku an fitar da jadawalin sakamako. Sannan ka yi masa tambayar kai tsaye cikin ladabi: "Malam, in na kawo waɗannan a kan lokaci, za a rubuta mini ya gamsar? In kuma akwai abin da ya rage, ina so in sani tun yanzu." Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Bayan kowane zama, a ranar, ka aika masa gajeren imel. Irin wannan ya isa:

"Malam, na gode da lokacin da aka ba ni yau. Abin da na fahimta shi ne: zan gyara sashen hanyoyin bincike in turo kafin 20 ga wata; zan cire tambaya ta uku daga manufofin aikin; za mu sake zama makon farko na wata mai zuwa. In na yi kuskure a wani wuri, a gyara mini."

Wasu ɗalibai suna jin nauyin yin haka, suna ganin kamar tuhumar malami ne. A matsayina na mai duba ɗalibai, ina tabbatar maka babu abin da ya fi sauƙaƙa mini aiki kamar wannan imel. Mai ɗalibai takwas ba zai tuna abin da ya ce wa kowa wata uku da suka wuce ba, wani lokaci ma yakan ce a cire abu, daga baya ya tambayi dalilin cire shi. Imel ɗin yana kare ku duka biyun. In kuma malaminka ya tafi hutun bincike ko ya bar jami'ar, wanda ya gaje shi zai tarar da sawu.

Fom ɗin shekara kuwa, kada ka sa masa hannu ba ka karanta abin da aka rubuta a kanka ba. Galibi akwai gurbin da aka bar wa ɗalibi ya faɗi nasa. In na'ura ta lalace wata huɗu, in babinka ya kwana wata uku a teburin malami ba a duba ba, in izinin shiga ma'ajiyar takardu ya makara, nan ne wurin rubuta shi, da kwanan wata, ba tare da zafin rai ba. Kwamitin da zai duba neman ƙarin lokacinka bayan shekara biyu fom ɗin nan zai buɗe. Abin da ba ya ciki, a wurinsu bai faru ba. Wasu ƙasashen sun mai da irin wannan bibiya doka: a Faransa, tun 2016, kowane ɗalibin digirgir yana da kwamitin bibiya wanda malaminsa ba ya cikinsa, don ɗalibi ya samu inda zai yi magana a sake. In jami'arka tana da mai kama da shi, ka yi amfani da shi.

Akwai kuma ƙofofin da dole ka ratsa a tsakiyar tafiya. A Amurka jarrabawar cancanta ce, wadda sai ka ci ta kake zama ɗan takarar digirgir, kuma sassa da yawa sau biyu kawai suke bari a gwada. A Birtaniya yawanci ana tantance ɗalibi wajen ƙarshen shekarar farko ko farkon ta biyu, ya kawo rubutu ya zauna gaban malamai, a tabbatar da shi a digirgir ko a mai da shi ƙaramin digiri. Ka nemi sanin tsarin taku tun da wuri, ka roƙi wanda ya ci bara ya nuna maka abin da ya gabatar.

In matsala ta zo, rashin lafiya ko rasuwa ko haihuwa ko ƙarewar kuɗi, kada ka ɓace. Kusan kowace jami'a tana da hanyar dakatar da karatu a hukumance, kuma in an amince, agogon wa'adinka yana tsayawa. In ka yi shiru ka tafi, agogo yana tafiya, kuma neman a mayar da izini baya ya fi wuya nesa ba kusa ba. Haka janyewa daga kwas: akwai ranar da in ka janye kafinta babu abin da zai taɓa matsakaicinka, in ta wuce kuma sai a rubuta maka faɗuwa. Wanda ke karatu a ƙasar waje da biza ya ƙara kula, domin rage kiredit ko dakatar da karatu yana iya taɓa izinin zamansa, sai ya fara zuwa ofishin ɗaliban ƙasashen waje kafin ya sa hannu a komai. In kuma an ba ka alamar "bai kammala ba", a ranar ka tambayi wa'adinta, ka rubuta shi inda idonka zai riƙa gani.

Takardar gargaɗi in ta zo, ka bar ta ta kwana, washegari ka karanta ta da biro. Abu uku kake nema: me aka ce ka gaza, me ake so ka yi, zuwa yaushe. In ɗaya daga ciki bai fito fili ba, ka nemi a fayyace a rubuce. Gargaɗin da ya ce "ka inganta aikinka" ba tare da ma'auni ba, babu yadda za ka cika shi.

Ranar kare kundi ita ma tana da nata ma'aunin, kuma ba "ci" da "faɗuwa" kaɗai ba ne. A tsarin Birtaniya, inda ake zama a rufe da mai jarrabawa ɗaya na cikin gida da ɗaya na waje, sakamakon yana iya zama ci babu gyara, ko ci da ƙananan gyare-gyare waɗanda galibi ake ba wata uku, ko manyan gyare-gyare masu ɗaukar wata shida zuwa shekara, ko a sake gabatar da kundin, ko a ba da ƙaramin digiri. Fita da gyara shi ne abin da aka saba, kada ya karya maka gwiwa. A Jamus ana ba kundin daraja da kalmomin Latin, daga summa cum laude a sama zuwa rite a ƙasa, kuma sai ka wallafa kundin kafin ka fara amfani da laƙabin dakta. Faransa kuwa ta cire irin waɗannan darajoji daga takardar digirgir a 2016. In an ba ka gyara, ka zana jadawali mai gida uku: abin da mai jarrabawa ya ce, abin da ka yi, shafin da za a same shi. Inda ba ka yarda da shi ba, ka faɗi dalili da hujja a wannan jadawalin, kada ka tsallake kamar ba ka gani ba.

A nan zan ɗan ratse kan manhajojin gano kamance irin su Turnitin, don na ga yadda suke hana ɗalibai barci. Lambar da suke fitarwa tana nuna yawan rubutun da ya yi kama da wani, har da sunayen littattafai da maganganun da ka ɗauko ka kuma faɗi mai su. Ba hukuncin satar fasaha ba ce. Kundi yana iya fita da lamba ƙarama alhali an sace tunanin wani an sauya kalmomi, wani kuma ya fita da babba alhali mai shi bai ɓoye komai ba. In jami'arka ta sa iyaka, ka bi ta, amma ka buɗe rahoton ka duba kowane wuri da aka yi wa launi. Ka kuma tambayi dokar sashenku kan amfani da ƙirƙirarriyar basira wajen rubutu, domin tana bambanta daga sashe zuwa sashe.

Saura ɗaukaka ƙara. Abin da ya kamata ka sani shi ne, kusan ko'ina ba a karɓar ƙarar da ta tsaya kan "na cancanci fiye da haka". Hukuncin ilimi na masu jarrabawa ne. Abin da ake saurara shi ne an karya tsari, ko akwai son zuciya da za ka iya nuna hujjarsa, ko wani uzuri mai ƙarfi da ya hana ka yin aikin kuma kana da dalilin rashin faɗarsa a lokacin. Ko ofishi mai zaman kansa da ke sauraron koken ɗalibai a Ingila da Wales ba ya taɓa hukuncin ilimi, kuma sai ka gama bin matakan jami'arka, sannan kana da wata 12 ka kai masa. Wa'adin cikin jami'a kuwa gajere ne ƙwarai, sau da yawa makonni kaɗan daga ranar da aka sanar da kai. A Amurka, wata dokar tarayya ta 1974 ta ba ɗalibi damar ganin fayil ɗinsa na karatu cikin kwana 45 da nema. Ko a ina kake, ka nemi ganin abin da aka rubuta a kanka kafin ka rubuta ƙara, ka kuma nemi wakilin ƙungiyar ɗalibai ya duba maka ita.

Ɗalibar da na fara da labarinta ta wannan hanyar ta bi. Ba ta ce an zalunce ta a maki ba. Ta kawo takardun asibitin mahaifinta da imel ɗin da malamin ya amince ya ɗaga mata ƙafa, wanda babu ranar kawo aikin a cikinsa, babu kuma gargaɗin cewa alamar tana da wa'adi. Kwamiti ya ba ta mako shida ta kawo aikin, ta kawo, aka sauya F ɗin. Tallafin zango ɗaya da aka riƙe kuwa bai dawo ba, domin mai bayarwa yana da tasa dokar daban, kuma wa'adin kai masa koke ya wuce tun tana jiran hukuncin jami'a.